Garar da Ta Maƙale a Kan Iyaka

Ko tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, akwai rana ɗaya da ba za ta goge a kaina ba, ranar da muka ɗauko amaryar ɗan wana daga Maraɗi gararta ta maƙale a kan iyaka. Shekaru sun ja, amaryar yanzu 'ya'yanta har sun shiga makaranta, amma har gobe in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai, wani lokacin kuma in ji raina ya sake ɓaci kamar jiya aka yi.

Tun da mijina ya rasu nake zaune a gidan wana a Nassarawa GRA, a ɗakunan baya kusa da bishiyar mangwaro. Unguwa ce da katanga ta fi zumunci tsawo. Maƙwabcinka sai ka shekara ba ka ga fuskarsa ba, sai dai bayan motarsa tana shiga get. Wan nawa, wanda kowa ke kira Alhaji, ɗan kasuwa ne mai manyan motoci. Yana loda robobi da takalma da sabulu daga Kano zuwa Nijar, su dawo masa da wake da albasa da dabino. Kullum da yamma in ya zauna a baranda karatunsa ɗaya ne, kan iyaka. Motarsa ta yi kwana da kwanaki a layi, albasa ta fara wari, a sauke kaya a mayar, a sake saukewa a gaba. "Mu da mutanen nan uwa ɗaya uba ɗaya muke," in ji shi, "Bature ne ya zo ya ja mana layi a tsakar gida. A buɗe hanya kowa ya ci abinci mana!" Ni kuwa sai in gyaɗa kai, don gaskiya yake faɗa, kuma tuwonsa nake ci.

Babban ɗansa shi ke bin motocin zuwa Maraɗi, a can ya ga yarinya ya ce shi ita. Yarinya ce mai hankali, ta yi karatun ungozoma, ba ta da abin kushewa. Amma uwarsa, Hajiya matar wana, ta daɗe da sa ido a kan 'yar wani babban mutum a layin bayanmu. Ba ta ce a'a ba, don ta san ɗan nata ita ya gado wajen taurin kai. Sai ta nemi wurin da za ta jira su, ta samu: gara, wato kayan abincin da iyayen amarya ke rako 'yarsu da su gidan miji. Ta riƙa cewa, "Mu dai namu ido, za mu ga abin da za su zo da shi." Har ta gayyaci ƙawayenta na unguwa su zo ganin gara ranar da za a kawo amarya. Duk macen da ta yi aure a ƙasar nan ta san abin da wannan ke nufi. Gorin gara ba ya tsufa, sai ki aurar da 'yarki ana tuna miki da abin da iyayenki suka kasa kawowa.

Magana kuwa ba ta tsayawa layi a kan iyaka, kafin ka ce kwabo ta isa Maraɗi. Dangin yarinya suka haɗa ƙarfi suka ƙure kansu. Saboda nisa aka shirya cewa gara za ta taho tare da amarya rana ɗaya. Nan Alhaji ya gyara zaman hula ya ce, "Ga motata can za ta dawo wayam, me zai sa surukai su yi hayar mota? A zuba a ciki." Kowa ya yi ta sa masa albarka, har da ni. Ni da na san shi tun yana yaro, in an aike shi sayen ƙosai sai ya ciji gefen kowanne kafin ya kawo.

Ni aka ɗora a kan 'yan ɗauko amarya, tunda ni ce gwaggon ango. Da yammacin da muka isa aka nuna mini garar, na riƙe baki. Nakiya da alkaki da dubulan a manyan kwalla, man shanu, cuku, kilishi, gero, dabino, ga kuma buhunan shinkafar waje an jera su gwanin sha'awa. A wancan lokacin gwamnatinmu ta hana shigo da ita ta kan iyaka, saboda haka a wurin matan GRA buhunta ya fi zinare daraja. A gabana aka loda komai, sai direba ya ce zai je ya sha mai ya kwana a tasha. Da safe ya dawo an rufe motar ruf da tamfol. Na dai lura ta ɗan zauna a kan tayoyinta, amma na ce ƙila man ne ya yi nauyi.

Muka shiga bas, ni da matan da muka zo tare, da amarya da ƙawayenta, da kakarta ta wajen uba. Wata tsohuwa ce siririya, goro a kumatu carbi a hannu, wadda tun da muka gaisa ban sake jin muryarta ba. Babbar motar tana binmu a baya.

Da hantsi muka iso kan iyaka. Layin manyan motoci ya miƙe har ido ya gaji. Direbobi sun mai da ƙarƙashin motocinsu gida, wani na dafa shayi, wani ya shanya wanki a madubi, warin albasa kuwa sai ka toshe hanci. Muka ratsa ta gefe, tunda mu biki muke yi. Ɓangaren Nijar aka duba takardu aka sallame mu. Da muka zo namu ɓangaren na juya na ce wa mata, "Ku saki guɗa!" Don a saninmu guɗa ita ce fasfon mai biki, da an ji ta sai a ɗaga sanda a ce Allah ya ba da zaman lafiya.

Suka rangaɗa har kunnena ya yi ƙara. Wani jami'i, dattijo mai furfura a gemu, ya tsaya ya harɗe hannu yana saurare kamar ya zo kallo. Da suka gama ya ce, "Madalla. Allah ya sanya alheri. A kwance tamfol."

Na sauko ina gyara mayafi, na ɗauko muryar da nake ji matan unguwarmu na yi wa masu aiki. Na ce, "Malam, ka kuwa san gidan wa za a kai kayan nan?"

Ya ce, "Mama, ko gidan wa za a kai su, ta nan za su bi."

Aka kwance. Sama gara ce tsaf kamar yadda aka loda jiya. Aka sauke kwallaye, aka ɗaga buhunan amarya, sai ga wasu buhunan a ƙasa. Aka ɗaga waɗannan, ga wasu. Shinkafa ce iri ɗaya da ta garar, danƙare har ƙasan mota, ko allura ba za ta sami wuri ba. Jami'in ya dube ni ya ce, "Mama, amaryar nan barikin soja za ta ciyar?" Na juya wurin direba, na tarar ya ɗaga kai yana nazarin sararin samaniya. Da aka matsa masa ya ce shi dai umarnin maigida ya bi, da ya je shan mai nan aka loda.

Na ciro waya na kira wana, na sa a lasifika don kunnena ba ya ji sosai. Na ce, "Yaya, muna kan iyaka. An sami shinkafa a ƙarƙashin garar nan, mota guda."

Ya ce, "Wace shinkafa kuma? Ni mota na ba da aro. Abin da surukai suka loda a ciki su suka sani." Ya kashe.

Jami'in ya ji, direba ya ji, tsohuwa da ta sauko ta tsaya a bayana ta ji. Amarya ma ta ji ta tagar bas. Na ga ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin haushin ɗan'uwana kamar lokacin ba. Ka ɓoye kayanka a ƙarƙashin 'yar mutane, in an kama kuma ka ce iyayenta ne 'yan fasa-ƙwauri!

Na sauke muryar GRA na koma muryar bazawara mai neman alfarma. Jami'in ya kai mu inuwa ya ba mu benci, har da ruwan sha. Na ce ya dubi Allah ya raba mana ta amarya, sauran ya yi yadda doka ta ce. Ya girgiza kai ya ce, "Mama, shinkafa ta haɗu da shinkafa. Buhu iri ɗaya, mota ɗaya. Ba ni da idon da zai raba ta aure da ta kasuwa, in na raba ma ba wanda zai yarda da ni."

Na ce to ina laifin ya ji guɗa ya kau da kai tun farko, kamar yadda aka saba.

Ya ce, "A da haka muke yi. Har ranar da muka ɗaga murfin kwallar nakiya muka tarar da harsashi. Su ma da amaryarsu suka zo, da lallenta da komai. Mama, harsashin nan ba unguwarku ake kai shi ba, ku kuna da katanga da masu gadi. Ƙauyukanmu ake kai shi." Ya nuna layin motocin da leɓe. "Kin ga waɗancan? Yawancinsu ba su ɓoye komai ba. Amma duk wanda ya ɓoye abu yau, gobe sai an sauke musu kaya har ƙasa. Albasarsu ce ke biya."



Suka bi kwallayen nan ɗaya bayan ɗaya, har cokali aka zura a man shanu. Suka sakar mana komai, ban da shinkafa da mota. Muka yi hayar akori-kura muka zuba abin da ya rage. Na dubi kayan na san an gama da yarinyar nan, don matan da ke jira a falon Hajiya ba nakiya suke aunawa ba, tsayin buhuna suke kallo. Na koma gefe na sake kiran wana, wannan karon ba lasifika.

Na ce, "Yaya, ka saurare ni da kyau. Kafin mu shigo Kano a tarye mu da shinkafa daidai da ta yarinyar nan. In ba haka ba, zan shiga falon matarka in ba da labari tun daga bismillah."

Ya ce, "Ke! A gidana kike zaune fa."

Na ce, "A gidanka nake, shi ya sa na san inda falon yake."

Da na koma bas amarya ta kama hannuna, idonta jawur. Ta ce, "Gwaggo, don Allah a rufe maganar nan. Uban mijina ne, ba na son in shiga gidan da tonon asiri." Na dube ta na ji tausayi ya kama ni. An yi wa iyayenta ƙazafi, ita kuma mutuncin wanda ya yi take karewa. Na yi mata alkawari ba zan ce uffan ba.

A wani gidan mai a bakin garin Kano muka tarar da wata motar Alhaji tana jiranmu. An bi shagunan Tudun Wada a gurguje an kwaso abin da aka samu. Aka juye a akori-kurarmu, aka watsa musu ɗan jan ƙasa don su yi kama da waɗanda suka sha hanya. Bayan la'asar muka shiga gida da guɗa, kamar ba abin da ya faru.

Falo ya cika maƙil. Turaren wuta na tashi, na'urar sanyi na busawa, Hajiyoyi sun sha gwal kowace tana kallon wuyan 'yar'uwarta. Har da Madam maƙwabciyarmu, tsohuwar malamar makaranta 'yar Zariya, wadda ba ta fashin coci kuma ba ta fashin biki. Aka zaunar da amarya a tsakiya, kakarta a gefenta. Aka shigo da kaya aka jera. Alhaji ya leƙo gaida surukai, ya sha babbar riga, ya tsaya a bakin ƙofa yana murmushin wanda ya gyara ɓarnarsa.

Aka buɗe nakiya aka yaba, aka ɗanɗana cuku aka ce ba laifi. Sai wata ƙawar Hajiya, mai bin diddigi kamar ita za ta dafa, ta sa tabarau ta sunkuya a kan buhu ta karanta da ƙarfi. Sunan wani injin casar shinkafa ne na nan Kano, an rubuta shi ɓaro-ɓaro. Cikin sauri ba wanda ya tuna buhu yana da rubutu.

Hajiya ta tafa hannu ta ce, "Ikon Allah! Shinkafar Kano aka kai Maraɗi yawon buɗe ido aka dawo mana da ita? Ina 'yar wajen da ake ta cika mana baki? Ko a hanya aka tsaya aka ciko don a rufe mana ido?" Falo ya ɗauki dariya. Amarya ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. Na dubi wana, na ga ya ciro waya yana dannawa kamar an aiko masa da saƙon gaggawa. Na cije harshe don na yi alkawari. Sai dai ni kaɗai aka sa na yi alkawarin, ba wanda ya tuna da tsohuwa.

Ta cire goron bakinta ta ƙulle a gefen zane, ta ce, "A yi addu'a." Ta ɗaga hannu. Wa zai ƙi? Dariya ta ɗauke, kowa ya ɗaga nasa, har Alhaji ya sa waya a aljihu.

Ta fara da Hausarsu ta can, murya a kwance. "Allah shi ba yaran ga zaman lahiya."

"Amin."

"Allah shi ba su ɗiya masu albarka."

"Amin."

"Allah shi hiddo ma Alhaji motasshi da anka riƙe bakin iyaka."

Amin ɗin ta fito, amma da alamar tambaya a wutsiyarta.

"Shinkahwar da ya ɓoye ƙarƙashin garar jikata, da anka kama ya ce tamu ce, Allah shi yahe mashi. Mu dai mun yahe."

Nan aka ji amin guda ɗaya tak mai ƙarfi, ta Madam. Sauran suka biyo a hankali, don ba a sauke hannu a tsakiyar addu'a, ba a kuma ƙin cewa amin ga neman gafara.

"Tamu da ta tahi tare da tashi, Allah shi sa sadaka ce munka yi."

"Amin."

"Wagga kuwa da ya sayo bisa hanya don shi ruhe asiri, Allah shi sa mata albarka, ko da uwargida ta raina ta. A shahwa."

Aka shafa. Tsohuwa ta kwance gefen zaninta ta mayar da goronta baki. Da na waiga ƙofa ban ga Alhaji ba, sai labule yana motsi. Hajiya kuwa hannunta na nan a kan fuska, ta daɗe tana shafawa, ban taɓa ganin an shafa addu'a da tsawo haka ba. Ƙawar nan mai tabarau ta yi gyaran murya ta ce ai shinkafar gida ma ta fi lafiya, likitoci sun faɗa. Madam ta taso ta rungume amarya tana cewa, "Ɗago kanki, 'yata, iyayenki sun fita kunya." Yarinyar ta ɗago, hawaye na zuba, ni kuma na saki guɗar da ta fi ta kan iyaka.

In faɗi gaskiya, Hajiya ta ba ni mamaki. Da ta sauke hannu ta je ta durƙusa gaban tsohuwa ta ce, "Iya, a yi haƙuri, wallahi ban sani ba." Ita da kanta ta kama hannun amarya ta kai ta gidan aurenta a Hotoro, kuma daga ranar kalmar gara ba ta sake fitowa daga bakinta ba. Duk abin da ta tanada don suruka, a kan mijinta ta sauke shi, daga ɗakunan baya ina jiyowa. Shinkafa ta tafi ke nan, mota ma sai da aka sha wuya kafin ta fito. Wana kuma ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata da kyau, ni da ban ce komai a falon ba sai amin.

Abin da na koya shi ne, hanya tsakanin maƙwabta dole ta buɗe, don cinikinmu ɗaya, aurenmu ɗaya, in an toshe ta kowa zai ji a cikinsa. Amma masu sa a ƙara matse ta ba 'yan bindiga ne kaɗai ba, har da masu babbar riga da ke ganin ɗan abin da suka ɓoye ba zai cuci kowa ba. Kuma ba su ke biya ba. Direban da ke kwana a layi shi ke biya, da mutumin ƙauyen da ba shi da katanga, da 'yar mutanen da aka rabo da iyayenta da safe. Shi ya sa yanzu in an tsayar da ni a hanya aka ce in buɗe jaka, ba na musu, buɗewa nake yi. Na ga yarinyar da ta kusa ɗaukar gori har tsufanta saboda abin da wani ya ƙi a gani.